Masoyan Dandalin Wasanni da Siffofin da Suke Bugawa a Gida

Abin da ya jawo wannan rubutu wani rabin ƙwallo ne na roba da ke kan teburina, wanda nake zuba makullai a ciki. Duk wanda ya shigo ɗakinmu sai ya tambaye ni mene ne wannan, ni kuma in rasa kalmomin da zan ba shi amsa, alhali Hausa nake karantawa, ko da yake ba a nono na sha ta ba. Shi ya sa na zauna na tattara bayanin.

Da farko dai, akwai bambanci tsakanin wurin wasan yara da muka saba gani, mai lilo da 'yan motoci, da abin da zan kira dandalin wasanni mai jigo. Daga darasin adabi na aro kalmar jigo, domin ma'anar ɗaya ce: gine-ginen wurin da jiragen wasa, har tufafin ma'aikata, duk labari guda suke bayarwa. Wanda ya fi shahara shi ne Disneyland, da aka buɗe a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1955. Sai Walt Disney World a jihar Fulorida a 1971, inda aka ƙara dandalin EPCOT a 1982. A ƙofar EPCOT akwai wani ƙaton ƙwallo mai launin azurfa, tsayinsa ƙafa 180, ana kiran sa Spaceship Earth. Shi na so in kwaikwaya, duk da cewa a bidiyo kawai na san shi.

Masoyan waɗannan wurare ba su tsaya ga ziyara ba. Wasu zane suke yi, wasu ɗinki, wasu kuma ƙananan siffofi na gine-gine da halittun dandalin. Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba za su saya a kantin kamfanin ba? Amsar ita ce, kamfani abin da ke kawo kuɗi yau yake sayarwa, shi kuwa masoyi sau da yawa abin da aka rushe yake kewa. Alal misali, akwai wani gini a EPCOT mai suna Horizons, wanda ke nuna yadda rayuwar gobe za ta kasance. An buɗe shi a 1983, aka rufe a 1999, aka rushe a 2000. Waɗanda suka shiga cikinsa suna yara sun tattara tsofaffin hotuna da bidiyon da iyalai suka ɗauka, suka sake gina shi a kwamfuta. Haka kuma akwai wani mutum-mutumin fatalwa da ake kira Hatbox Ghost a gidan fatalwa na Disneyland, wanda aka cire jim kaɗan bayan buɗe gidan a 1969 saboda dabarar hasken da aka yi masa ba ta yi aiki ba. Masoya suka yi ta zana shi suna ƙera irinsa shekara da shekaru, kuma a 2015 kamfanin ya dawo da shi.

To, yaya ake buga siffa a gida? A nan ne harshe ya ba ni wahala. Na fara da kalmar sassaƙa, sai na ga ba ta dace ba, don masassaƙi ragewa yake yi daga jikin itace, ita kuwa wannan na'ura ƙarawa take yi. Aikinta ya fi kama da na maginiyar tukwane, ko na zanzaro mai ɗora laka kan laka. Don haka na kira ta firinta mai gini. Ana fara tsara siffar a kwamfuta da manhaja irin su Blender ko Tinkercad, ko a sauko da wadda wani ya tsara daga rumbu irin Thingiverse. Wata manhajar sai ta yanka siffar fale-fale, hawa-hawa. Daga nan firinta ta ja zaren roba da ake kira PLA, wanda ake samarwa daga sitacin masara ko rake, ta narka shi a zafin kusan digiri 200, ta riƙa zuba shi ta wani siririn baki kamar mai zanen lalle da leda. Kaurin kowane hawa yakan zama milimita 0.2, wato ƙwallona mai tsayin santimita 8 yana buƙatar hawa 400. Bayan an gama sai a goge da samfefa, a shafa fenti.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Scott Crump ya nemi rajistar ƙirƙirarta a Amurka a 1989. Amma sai da Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara shirin RepRap a 2005, wanda ya saki tsarin na'urar kyauta, kuma wa'adin rajistar ya ƙare a 2009, sannan farashi ya faɗi har ta shiga gidaje.

Shi kuwa tara kayan, wani lokaci har ya zama abin dariya. A watan Janairun 2022 mutane sun yi layi na sa'o'i da dama a EPCOT don sayen bokitin gugguru na dala 25 mai siffar wani dodo da ake kira Figment, wasu kuma suka sake sayar da shi a eBay da ninkin kuɗin. Da aka rufe Splash Mountain na Fulorida a Janairun 2023, har ruwan da aka ce daga wurin aka ɗebo an yi tallarsa a kwalabe. A ganina wannan kasuwanci ne. Na fi girmama wanda ya kwana yana ƙirga tagogin gini a tsohon hoto.

Sai dai akwai ƙaya a hanya, wato haƙƙin mallaka. Halittun nan na kamfani ne, kuma kamfanin ba ya wasa da su. A 1989 ya sa wasu gidajen renon yara uku a Fulorida sun goge zanen Mickey Mouse da abokansa daga bangonsu. Tun ranar 1 ga Janairun 2024 siffar Mickey ta fim ɗin Steamboat Willie na 1928 ta zama ta kowa a Amurka, amma sababbin siffofinsa da alamar kasuwancin suna nan a hannun kamfanin. Wanda ya buga ya ajiye a ɗakinsa ba kasafai ake kula shi ba. Wanda ya kai kasuwa irin Etsy kuwa, ana iya sauke kayansa rana ɗaya.

Ƙwallona a firintar wani abokina ɗalibin injiniya muka ɗora shi da daddare. An kai wajen hawa na 200 sai aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta farantin ya huce, aikin ya ɓamɓare, ba damar ci gaba. Ban sake gwadawa ba, don hankalina ya koma kan wani babban lilo mai juyawa kamar ƙafar keke, a wurin wasan da ake kai mu lokacin hutu a garinmu. An rufe wurin, hotuna biyu kacal gare mu a gida, kuma a ɗaya kan ƙanwata ya tare rabin lilon. Na ƙirga kujeru tara a ɓangaren da ake gani, yanzu abokina na lissafin sauran.