Asalin Sunan Raƙumin Dawa a Bakin Turawa

Ɗan makarantar boko a Rano ko Kibiya, in aka tambaye shi raƙumin dawa da Turanci, sai ya ce jiraf, yana zaton kalmar Ingila ce. Alhali asalinta Larabci ne, zarafa. Daga Larabawa ta shiga bakin mutanen Italiya, ta bi ta Faransa, kana ta isa Ingila. A da kamelofad suke kiransa, wato raƙumi-damisa, saboda dogon wuya da roɗi-roɗi. Ashe da su da Bahaushe, raƙumi suka gani.

Suna ya yaɗu, dabba ta ƙaranta. A 1996 na Afirka ta Yamma kimanin 50 suka rage, a Kure kusa da Yamai. Da aka hana farautarsu, suka haura 600. Allah ya raya zuriyarsu, amin.