Karatu A Fili Tare Da Iyaye

Tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa yake Gwandu, da baki ake koyon karatu a ƙasarmu. Almajiri ya karanta da ƙarfi, malam ya saurara, ya gyara masa. Karatun boko ma haka yake so. Yaron da ba ya jin karatu a gida yakan ɗauki littafi kamar kaya mai nauyi, har ya guje shi.

To, yaya za a sa karatu ya yi daɗi? Da fari a zaɓi lokacin hutu, kamar bayan sallar isha'i, a shimfiɗa tabarma kusa da fitila. A ɗauko littafi mai labari, irin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937. Mai karatu ya riƙa sāke murya, ta sarki dabam, ta aku dabam. In an zo wuri mai ban tsoro ya dakata, ya tambayi yara, “Me kuke tsammani zai faru?” In yaro ya yi tuntuɓe a kalma, kada a tsawata masa. A faɗa masa, ya maimaita. A rufe littafi tun yara ba su gaji ba, don su yi marmarin gobe.

Manomin Kalgo da bai yi boko ba, shi ma yana da rabo. Ɗansa ya karanta masa, shi kuwa ya bayyana ma'anar karin magana.

Ya ku yara, yau da dare ku gwada.