Buhu Nawa Aka Sauke?

Duk mai sauraren shirye-shiryen siyasa a Freedom Radio da sauran tashoshin Kano ya sha jin 'yan boko suna jefa kalmar accountability a tsakiyar Hausarsu, su wuce ba fassara. Mu da ke noman gero da gyaɗa tsakanin Dambatta da Makoɗa mukan ɗauka zancen manya ne, alhali mu ya fi shafa.

Asalin kalmar ƙirga ne, tushenta ɗaya da akanta, mai lissafin kuɗin ofis. Abin da take nufi shi ne, wanda aka damƙa wa dukiya ko mulki dole ya tsaya gaban masu abin ya faɗi yadda ya yi da shi, in bayaninsa bai gamsar ba kuma a hukunta shi. Musulmi ba baƙon wannan ba ne, domin lissafi da hisabi daga kalmar Larabci guda suka fito.

Masu fassara sukan ce riƙon amana. Ni dai ban gamsu ba. Amana a zuciyar mai riƙo take, tsakaninsa da Ubangijinsa. Ba da ba'asi ya fi kusa, don yana nuna akwai wani a zaune da ke da ikon tambaya.

Matan karkara sun riga mu gane wannan. Yayata ce uwar adashin unguwarsu. Ran Lahadi, bayan an taso daga kasuwar Dambatta, ake kawo zubi, ɗiyarta ta rubuta sunan kowa a littafin makaranta. Ranar kwasa sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zazzage kuɗin, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Idan naira ɗari ta yi ɓatan dabo, ba mai tashi sai ta fito. Ban taɓa jin Yaya ta ce an zarge ta ba. Ita ma ta fi son haka, don ta kwana da kwanciyar hankali.

To, ga mu maza. Wata damina aka kawo takin gwamnati mai rangwame garinmu. Da daddare mota ta sauke, gari na wayewa aka ce mutum huɗu buhu ɗaya, muka raba da kwano muna godiya. Da na ce ya kamata a faɗa mana buhu nawa aka sauke, sai wani dattijo ya ja ni gefe: "Ɗana, wanda ya yi maka kyauta ba ka tambayarsa saura." Ina ganin girmansa, amma a nan gizo ke saƙar. Takin nan ba kyauta ba ne, da kuɗinmu aka saye shi. Kunyar da aka tarbiyyantar da mu a kanta ado ce a gaban iyaye da surukai, sai dai a gaban mai riƙe da dukiyar jama'a ita ke cutar da mu.

Doka kuwa tana bayan mai tambaya. Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai aikin sa gwamnati ta yi wa jama'a bayani. A 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardar mai neman bayani. An kuma ga amfanin nacewa: a 2012 matasan ƙungiyar Follow The Money suka tsaya kai da fata a kan kuɗin tsabtace Bagega ta Zamfara, inda gubar dalma ke kashe yara a lokacin, har aka saki kuɗin a 2013.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, 44 daga ciki na Kano ne. Ko kuɗin sun iso ko ba su iso ba, ciyaman da kansila ne ya kamata su faɗa mana. Abin da nake roƙo bai taka kara ya karya ba: duk wata a rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe, da boko da ajami, a liƙa a bangon sakatariya da ƙofar gidan kowane dagaci.