Wane Itace Za Mu Dasa a Ƙofar Gida?

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko wadda ta nufi Bichi da Tsanyawa, zai ga abin da ya sa ake yabon manoman wannan ƙasa. Gona tana manne da gona, babu daji, babu saura. Duk da haka ko'ina mutum ya duba itatuwa ne tsaye cikin gonaki: gawo da ɗorawa, kuka da tsamiya, kanya da ɗinya.

Amma idan aka ratse daga hanya aka shiga gidajenmu, sau da yawa sai a tarar da wani abu dabam. Tsakar gida fayau, rana tana dukan uwargida a bakin murhu. Ɗakunan kwano sun yi zafi kamar tanda. A filin majami'a ma haka, in an tashi sujada ran Lahadi cikin watan Afrilu, tsofaffi da masu goyo suna rububin 'yar inuwar bango. Mun iya kiwon itace a gona, amma mun bar wurin da muke zaune tsirara. Wannan shi ne abin da muke so mu tattauna da masu karatu a wannan wata, tun damina ba ta faɗi ba.

Gadon da muka tarar

Itatuwan gonakin Kano ba su tsaya can da ka ba. Manoma ne suka zaɓe su, suka bar su, suka tsare su. Wani malami Bature, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1962, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano har 1986, ya yi shekaru yana nazarin karkarar Kano. Mutane da yawa sun zaci cunkoson jama'a da neman itacen wuta za su share ƙasar. Amma shi da abokan aikinsa suka iske manyan itatuwa sama da 10 a kowace hekta, watau eka biyu da rabi, yawansu kuma bai faɗi ba ko da aka sha farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. Dalili kuwa shi ne, kowane itace yana da mai shi. Manomi yakan sare reshe, amma ba ya kashe uwar.

Sai dai gado yana tsufa. Ɗorawar da matanmu ke samun kalwa a jikinta yau, yawanci kakanni ne suka raine ta. Bari kowa ya zagaya gonarsa ya ƙidaya ƙananan ɗorawa nawa ke tasowa a bayan manyan. Abin da ya fi yaɗuwa shi ne darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, aka kuwa fara dasa ta a Barno a 1928. Tana da amfani ƙwarai, tana jure fari, tsuntsaye da jemagu suna baza irinta. Amma ƙasar da babu kome sai darbejiya ta yi hasarar daddawa da kunun tsamiya da miyar kuka.

Ado ba almubazzaranci ba ne

Wani zai ce, mai neman abin da zai ci ina ruwansa da fure? Mu duba Farawa sura 2. A wurin aka faɗi dalili biyu na itatuwan da Allah ya tsirar a gonar Aidan, ɗaya domin ido ne, ɗaya domin ciki, na ido kuwa shi aka fara ambata. Aikin farko da aka ba Adamu shi ne lura da wannan gona. A sura 21 kuma mun ga Ibrahim ya dasa itace a Biyer-sheba, alhali shi baƙo ne mai zama cikin alfarwa. Saboda haka wanda ya dasa itace domin gidansa ya yi kyaun gani bai yi aikin banza ba.

A Ingila akwai wani ɗan itace da suke kira rowan. Ba ya girma ainun, shi ya sa ake sonsa a ƙananan gidaje. Yakan yi farin fure bayan sanyi ya wuce, sa'an nan ya yi 'ya'ya jajaye tuli-tuli waɗanda tsuntsaye ke ci. Yana da ɗan'uwa mai ganye kore a sama, fari a ƙasa, in iska ta kaɗa sai ya riƙa walƙiya. Waɗannan itatuwan ƙasar sanyi ne, zafin bazarar Kano zai kashe su. Abin koyo a nan shi ne, mutanen can sun ɗauko itacen dajinsu suka girmama shi a ƙofar gida. Mu ma muna da namu. Wane fure ne ya fi jan tutun ɗorawa kyau sa'ad da yake reto cikin watan Fabrairu? Ga marga mai zubo da furanni rawaya gab da damina. Ga minjirya mai jan fure lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya. Ga lalle, wanda ƙanshin furensa ke cika gida da maraice. Raini ne kawai ya hana mu ganinsu.

Batun iskoki

Akwai maganar da ba za mu tsallake ba. A gidaje da yawa, har na masu bi, ana gudun dasa tsamiya ko kuka kusa da gida, wai mazaunin iskoki ne. Yawancinmu mun fito daga gidajen da aka yi yanka a gindin irin waɗannan itatuwa, tsoron kuwa bai gama fita daga zuciya ba. Abin mamaki, mutanen Sikotilan na dā sukan dasa rowan a bakin ƙofa domin wai ya kore mayu. Su suna dogara ga itace, mu muna tsoron itace, kuskuren kuwa ɗaya ne. Itace halittar Allah ne, ba ya tsaron kowa, ba ya kama kowa. Mai bin Yesu Almasihu zai sha inuwar tsamiya da godiya, ya sha kununta, ya kwanta lafiya. In akwai dalilin nisanta tsamiya da ɗaki, girmanta ne da saiwarta, ba wani abu ba.

Kowane itace da wurinsa

Hausawa sun ce, inuwar giginya na nesa ka sha. Itace mai kyau a wurin da bai dace ba, wahala ce. Bari mu raba wuraren uku.

Cikin gida, inda fili ya yi kaɗan, ƙananan itatuwa ake so. Zogale yana kan gaba: a dasa reshe ko a shuka iri, cikin shekara guda an fara cin ganye, ga farin fure mai ƙanshi. A riƙa datse kansa don ya yi rassa inda hannu zai kai. Rumman yana da jan fure kyakkyawa, ba ya cin wuri. Lemun tsami da gwaba suna son wurin da ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Lalle kuwa shinge ne mai kyau a gefen makewayi. Ko kuka ma ana iya riƙe ta ƙarama, a datse ta daidai ƙirjin mutum, ana tsinkar ɗanyen ganye.

A ƙofar gida da filin majami'a, inuwa ake nema. Ceɗiya da durumi su ne na gargajiya, babban reshe ake sarowa a kafa da farkon damina, ya kama. Darbejiya da mangwaro ma sun dace. Wanda zai sayi mangwaro ya nemi mai aure, gama shi yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4, na ƙwallo kuwa sai an daɗe ana jira. Amma dukan waɗannan saiwarsu tana tafiya nesa neman laima. A ba su aƙalla taku 10 daga bango, a nisanta su da rijiya da masai. A dasa su yamma da ɗaki, domin ranar la'asar ita ce ke gasa bango har dare. A ɗaga kai kuma a duba ko akwai wayar lantarki a sama.

A gona da bayan gida ne wurin manya. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, ya yi sabo da rani, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne, 'ya'yansa abincin tumaki da awaki. Amma ƙayarsa ba ta dace da tsakar gida inda yara ke yawo ba takalmi ba. Ɗorawa da tsamiya da kanya su ma suna bukatar sarari. Irin ɗorawa yana da tauri, a jiƙa shi cikin ruwan zafi ya kwana kafin a shuka. Wanda ke noman gonar aro ko ta jingina ya nemi yardar mai gona kafin ya dasa kome, don kada itace ya zama sanadin shari'a tsakanin 'yan'uwa.

Gargaɗi ɗaya ga iyaye. Ba kowane abu mai kyaun gani ke da lafiya ba. 'Ya'yan bini-da-zugu, wanda ake shinge da shi, guba ne ga yara. Haka kuma wani baƙon fure mai siririn ganye da furanni rawaya kamar ƙararrawa, wanda in an karya shi yake fid da farin ruwa kamar madara, ƙwallonsa yana iya kisa. Kada a dasa shi inda yara ke wasa.

Yadda ake dasawa

A haƙa rami tun kafin ruwa ya sauka, faɗinsa ƙafa 2, zurfinsa ƙafa 2. A ware ƙasar sama dabam, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki da ɗan toka, a mayar cikin ramin. Kada a sa ɗanyen taki, yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A jira har damina ta zauna sosai, wajen ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. Wanda ya bari sai Satumba ya makara, gama saiwa ba za ta yi nisa ba kafin ƙasa ta bushe. A yi dashe da yamma. A yanke ledar a cire ta duka ba tare da an farfasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba. A binne daidai inda ƙasa ta tsaya masa a cikin leda, a taka gefe a hankali, a yi masa ɗan gurbi kewaye don ruwa ya tsaya.

Dasawa ita ce mai sauƙi. Yaƙin yana farawa ne da kaka. A ƙasarmu ana ɗaure dabbobi da damina, da an kwashe amfanin gona kuwa sai a sake su. Akuya ɗaya takan cinye aikin wata huɗu kafin a gama karin kumallo. Saboda haka ranar da aka yi dashe, ranar za a yi kariya: ƙayar magarya, ko tsohon kwando, ko tubali da aka jera da 'yan ƙofofin iska. Kariyar ta tsaya har rani uku, sai kan itacen ya wuce bakin akuya mai miƙewa da ƙafa biyu.

Game da ruwa, ga dabara mai sauƙi. A binne tsohon tulu kusa da dashen, bakinsa a waje, a cika shi, a rufe don kada sauro ya haihu ciki. Ruwan zai riƙa tsatsafowa kaɗan-kaɗan zuwa saiwa, cikawa sau biyu a mako ta isa. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin itacen saboda gara. Ya fi kyau a dasa biyu su rayu da a dasa ashirin su mutu.

Darasi daga Maraɗi

Wani lokaci ma ba sai an sayi dashe ba. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM daga Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aiki a ƙasar Maraɗi cikin Jamhuriyar Nijar. Yawancin itatuwan da suka dasa sun mutu. Sai ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka bar su, aka cire sauran, sai su tashi da sauri fiye da dashe, gama saiwarsu ta riga ta kai ga laima. Da fari an yi wa waɗanda suka gwada dariya, ana cewa gonarsu ƙazama ce. Amma dabarar ta bazu daga manomi zuwa manomi, har masana suka kimanta cewa ta dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a gonakin kudancin Nijar. Kafin mu ɗaga gatari bana, mu duba ko tohon da ke bakin gona ko bayan danga gawo ne, ko kanya, ko marga.

Aikin na dukanmu ne

Muna roƙon dattawan kowace ikilisiya su zauna tun yanzu su auna filin majami'a, su sa alama inda itace zai tsaya. Zumuntar mata ta ɗauki zogale da lalle da lemo. Matasa su haƙa ramuka. Kowane aji na makarantar Lahadi a ba shi itace ɗaya da tulunsa, yaran su san nasu ne, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A gida kuma, in Allah ya ba mu haihuwa, me zai hana a yi dashe ranar suna, yaro da itacensa su tashi tare?

Mai dasa tsamiya ya san watakila ba shi zai sha inuwarta sosai ba. Mu ma ba mu san sunayen waɗanda suka bar mana ɗorawar da muke ci ba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya kuma sa jikokinmu su tarar da inuwa a ƙofar gidajenmu.