Ko Kun Sani? Harshen Romansh

Romansh, harshen da ake magana da shi a jihar Graubünden da ke gabashin Suwizalan, ya samo asali ne daga Latin ɗin da Rumawa suka kawo bayan sun ci yankin da yaƙi a shekara ta 15 kafin haihuwar Annabi Isa. Da yake duwatsu sun raba kwaruruwan masu harshen, sai ya kasu zuwa karuruwa 5, kowanne da salon rubutunsa. An amince da shi a matsayin harshen ƙasa a 1938, sannan a 1982 aka ƙirƙiro Rumantsch Grischun, wato daidaitaccen rubutu na bai-ɗaya, wanda har yau wasu ke ƙyamata saboda kishin karinsu. Masu harshen ba su kai kashi 1 cikin 100 na 'yan ƙasar ba.