Gidan Yaya a Hotoro: a Sallama ko a Zuba 'Yan Haya?

Wata takwas rubutun ya yi a jikin katangar gidan yayana da ke Hotoro, a Kano: "Na sayarwa ne", da jan fenti, da lambar waya a ƙasa. Damina ta zo ta wanke rabin lambar. Dillalai sun kawo mutane sun fi goma. Kowa ya shigo sai ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rijiya, ya ɗaga kai ya dubi silin, sannan ya taya da kuɗin da ko ginin ba za su yi ba, balle filin. Mu ce albarka, ya ce zai yi shawara, shi ke nan ba a sake jin ɗuriyarsa. Aiki ya mayar da Yaya Abuja da iyalinsa, kuma a wata na takwas ya kira ni da dare. "Ƙanena, na gaji," in ji shi. "In karyar da shi in huta, ko in sa 'yan haya?"

Ba gidansa kaɗai ya kwanta ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, a watan Yuni kuma Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke bayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 ya wuce 10,000. Zuwa Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mu kuwa a nan, gida da tsabar kuɗi ake sayensa, ba da rancen banki na shekara ashirin ba. Saboda haka mai gida yana lissafin abin da zai kashe in zai sake gina irinsa yau, mai saye yana lissafin abin da ya rage masa bayan ya sayi shinkafa ya biya kuɗin makaranta. Tsakanin lissafin nan biyu ciniki ke mutuwa.

Sayarwa tana da daɗinta, ba na musu. Ka karɓi kuɗinka, ka ba dillali la'adarsa, a je ofishin filaye a sauya suna, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da yardar gwamna ake mayar da mallakar fili mai takarda ga wani. Daga ranar babu mai kiranka da tsakar dare ya ce rufi na yoyo. Amma a kasuwar da ta yi sanyi mai kuɗi a hannu shi ne sarki, kuma ya sani. Da ya ji ƙanshin matsuwa a muryarka zai rage tayin da ya yi jiya.

Abin da ya fi damuna ma ba ragin ba ne, washegarin sayarwar ne. A ɗauka, don misali kawai, an sallama gida naira miliyan 40 aka ajiye kuɗin. In farashin kaya ya tashi da kashi 30 a shekarar, abin da kuɗin za su saya a ƙarshenta bai kai na miliyan 31 ba, alhali ko kwabo ba a taɓa ba. To ina ma za a ƙi taɓawa? Gida ba ya gutsuruwa, kuɗi kuwa suna gutsuruwa. Labari zai zaga dangi. Wannan aurar da 'ya ya taso masa, wancan matarsa na asibiti, kuma dukkansu gaskiya suke faɗa, ba ka da idon hana su. In kuɗin suka shekara, zakka ta wajaba, ɗaya cikin arba'in, wato miliyan guda. Haƙƙin Allah ne ba asara ba, amma dole ya shiga lissafi, domin gidan da aka ba haya ba a fitar wa ginin zakka, sai dai abin da ya taru na kuɗin hayar. Da yawanmu ba ma karɓar kuɗin ruwa na banki. Akwai Sukuk, takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, da Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017, sai dai wanda aka fitar a Oktoban 2023 ribarsa kashi 15.75 ce, a watan da hauhawar farashi ta wuce kashi 27.

Haya fa? Kada wanda ya ruɗe ka da kuɗinta. Gidan miliyan 40 ɗin nan in ya kawo miliyan ɗaya da rabi a shekara, bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, kafin a cire fenti da kwashe masai da gyaran famfo. Ribar mai ba da haya ba a hannun ɗan haya take ba, tana cikin bangon. Bulo da rodi da kwano suna bin farashin kasuwa sama ko da mai saye bai zo ba, filin da ke ƙarƙashinsu kuma ba a ƙera sabo. Haya dai ita ce ke ciyar da gidan, ta riƙe maka shi har kasuwa ta farka. Gida biyu maganin gobara, in ji Hausawa, kuma ma'aikacin da aka ɗauke zuwa Abuja yau ana iya dawo da shi gobe, ya tarar kuɗin da ya karɓa ba sa sayen rabin abin da ya sayar.

Sai dai zama mai gidan haya aiki ne, na kuma gani da idona. Mahaifinmu ya taɓa ba wani bawan Allah gida. Shekarar farko ya biya a kan kari, ta biyu ya kawo rabi, ta uku sai sallama da "Baba a ƙara haƙuri". Ranar da ya tashi muka shiga. Indararo ya toshe tun wace damina, ruwa ya bi bango ya kumbura shi har filasta na zubowa in ka taɓa da yatsa. An yi girki da gawayi a ɗaki guda, silin ya yi baƙi ƙirin. A bayan ƙofa muka tsinci takardun kuɗin wuta a soke a ƙusa, ba a biya ko ɗaya ba. Hayar shekara guda cur ta tafi a gyara. Kuma doka ba ta yarda ka fitar da mutum da ƙarfi ba. A Abuja da jihohi da dama, mai hayar shekara yana da notis na wata shida in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, sannan na kwana bakwai, sannan kotu. Wanda ke son sayarwa nan kusa ya san da wannan, domin masu saye da yawa na gudun gidan da mutum ke ciki.

Akwai inda zan ce a sayar ko kasuwa na barci. Gidan gado ne na farko. Magada goma sha biyu, ga gwauruwa na jiran tumuninta, ga marayu, kuɗin haya in an raba ba ya isar kowa sai dai ya haifar da zargin wanda ke karɓa. Zumunci ya fi ragin da za a yi. Haka mai bashin da ke hana shi barci, da wanda kuɗin ke da wurin zuwa tun kafin su shigo hannu, wani gidan ko fili ko sana'ar da ya riga ya iya. Haka wanda ya yi nisa kuma ba shi da amintaccen da zai riƙa leƙawa. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne a kulle gida ana jiran farashi. Gidan da ba kowa ya fi saurin zama kango, ɓarayi su zare wayar wuta, su cire tagogi, gara ta gama da sauran.

Na tambayi Yaya abu ɗaya: "In an ba ka kuɗin gobe da safe, me za ka yi da su?" Ya yi shiru, sannan ya ce zai ajiye tukuna ya gani. Na ce to kada ya sayar.

Ya amince a ba da gidan haya. Lauya ya rubuta yarjejeniyar shekara guda, aka sa wa'adin notis a ciki, da wanda zai ɗauki gyaran me, da sharaɗin za mu shiga duba gida kafin kowace damina. Mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida. Wani malamin makaranta ya tare da matarsa da 'ya'ya uku. Ni na sayi farin fenti na shafe rubutun katangar, kuma duk watan Mayu nakan ɗauki tsani in je in duba indararo.