2.3 Tsingaro a Matsayin Shaidar Tarihi: Misali Daga Farkon Mulkin Mallaka a Amurka

Wannan sashe zai duba yadda masana tarihi suke amfani da fasassun tukwane wajen gano rayuwar mutanen da rubutattun bayanai ba su kula da su ba. Dalili kuwa shi ne, yumɓun da aka gasa ba ya ruɓewa kamar itace ko fata ko tufafi. Tukunya takan fashe, amma tsingaronta yakan zauna a ƙasa ɗaruruwan shekaru.

Turawan Ingila sun kafa garin Jamestown a yankin Virginia a shekarar 1607. An daɗe ana zaton kogi ya cinye sansaninsu na farko, sai a shekarar 1994 William Kelso ya fara haƙa a wurin, aka gano harsashinsa. Daga cikin abubuwan da aka tono akwai tulunan dutse na Jamus, da tangaran na Sin, da kuma tsingaron tukwanen mutanen Powhatan, wato 'yan asalin ƙasar. Samun tukwanen nan a cikin sansanin ya nuna cewa baƙin sun dogara da masu ƙasa wajen abinci da girki.

Muhawara mafi muhimmanci ta taso ne a kan wasu tukwane marasa sheƙi, waɗanda aka gina da hannu ba da faifan juyi ba, aka kuma gasa su a fili ba a tanderu ba. A shekarar 1962 Ivor Noël Hume ya danganta su ga 'yan asalin ƙasar, yana ganin su ne suka gina su don sayar wa mazauna yankin. Amma a ƙarshen shekarun 1970 Leland Ferguson ya kawo wata fahimta. Ya lura cewa ana yawan samun irin waɗannan tukwane a kufan gidajen bayi, musamman a gonakin shinkafa na Karolina ta Kudu. Saboda haka ya ce bayin da aka kwaso daga Afirka su ne suka gina da yawa daga cikinsu. A littafinsa na shekarar 1992 ya ƙara da cewa yawancinsu ƙananan kwanuka ne da tukwanen girki, abin da ya yi daidai da tsarin cin abinci na Afirka ta Yamma, inda ake tuƙa abinci mai nauyi a ci da miya.

A yau galibin masana sun yarda cewa ba al'umma ɗaya ce ta gina su ba. 'Yan asalin ƙasar, kamar Catawba da Pamunkey, sun gina, 'yan Afirka ma sun gina, kuma dabarun sun cuɗanya.

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa siffar tukunya kaɗai ba ta isa a yanke hukunci a kan maginin ta ba. Wajibi ne mai nazari ya duba inda aka tono ta, da irin yumɓunta, da abubuwan da aka samu tare da ita. Takardun wancan zamani sun fi ambaton bayi a matsayin dukiya. Tsingaro ne ya nuna cewa su ma magina ne, masu sana'a da al'adar girki tasu.